Hanya da Lokacinta a Ƙasar Matameye

A ƙarshen shekarar 1924 wasu motoci takwas na kamfanin Citroën suka shigo Damagaram daga yamma. Sun taso daga Kolom-Beshar ta ƙasar Aljeriya, suka ratso Sahara, suka biyo ta Yamai da Tasawa, sun nufi Tafkin Cadi. Gabansu taya ce irin wadda muka sani, bayansu kuwa wata faffaɗar ɗamarar roba ce da ke zagaya ƙananan ƙafafu. Wanda ya ƙirƙiro ɗamarar, Adolphe Kégresse, Bafaranshe ne da ya yi shekaru yana kula da motocin Sarkin Rasha Nikolas na Biyu, kuma dusar ƙanƙarar da ke hana motocin ubangidansa motsi watanni da yawa a shekara ita ta sa shi neman dabara. Da aka kifar da sarautar a 1917 ya koma gida da dabararsa, ta faɗa hannun André Citroën. Abin da aka ƙera domin ƙanƙarar Rasha shi ya fid da su daga rairayinmu.

Yaranmu na yau suna kallon motoci suna sulɓi a kan ƙanƙara a cikin waya, suna dariya, a ganinsu abin wata duniya ce daban. Gaskiya ne mu a Matameye ba mu san dusar ƙanƙara ba. Iyakarmu ƙanƙarar da hadari ke jefowa wani lokaci, ta yayyaga ganyen gero, ta narke kafin yara su gama tsinta. Amma tambayar da ke gaban direban Kanada a watan Janairu ita ce ke gaban direbanmu a watan Agusta: yau ƙasa za ta ɗauki mota ko kuwa? Mahaifina direban kamiyo ne, ya ci zamanin gyaɗa, ni kuma a bakin tasha na tashi. Abin da na ji a can da abin da na karanta daga baya sun nuna mini cewa mun taɓa sanin amsar wannan tambaya fiye da yadda muka san ta yanzu.

Kafin zuwan mota, shekara ce ke ba mutum izinin tafiya. Da an yi ruwan shuka kowa ya koma gona, domin shi kansa madugu manomi ne. Ƙorama ta kawo, fadamun Dungu da na Ɗan Barto su zama taɓo. Jaki ba ya son laka, raƙumi kuwa ya fi shi ƙinta: faffaɗan tafin nan da ke hana shi nutsewa cikin rairayi shi ke kayar da shi a kan santsi, kuma raƙumin da ya tsage da kaya a bayansa sai dai a kawo wuƙa. Sai an yi girbi, damman hatsi sun shiga rumbu, sannan zango ke fara cika. Ayarin Abzinawa ya tashi da kaka, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, kusan kilomita 600 daga Agadas, ya ɗauko kantu da dabino, ya komo gida, sannan ya gangaro kudu cikin ɗari ya sayar da gishiri ya auni hatsi. Baturen nan Heinrich Barth da ayarin gishiri ya sauko daga Abzin a Disamban 1850, ya iso Damargu a Janairu, ya shiga Kano a farkon Fabrairun 1851. Lokacin ayari ne ya bi, ba nasa ba. Raƙuman su yi rani suna kiwo a gonakinmu suna bar mana taki, kafin gabas ta fara yin baƙi sun juya arewa. Fataken goro masu zuwa Gwanja su ma da irin wannan lissafi suke fita, suna auna inda damina za ta riske su da kogunan da za su tarar a cike.

Mutanen ƙasashen sanyi su ma haka suka rayu, sai dai nasu lissafin a juye yake. A Rasha ta da, tsakiyar hunturu ne lokacin fatauci. Ƙasa ta daskare, koguna sun zama hanya, doki ɗaya ya ja a kan sulɓi abin da ba zai iya ja ba a kan ƙafafun amalanke. Abin tsoronsu shi ne lokacin narkewa da lokacin ruwan kaka, sa'ad da hanya ke kwaɓewa. Laka ce ta fara tsayar da motocin sojan Jamus a kan hanyar Mosko a Oktoban 1941, kafin sanyi ya zo ya ƙara musu. A garuruwan arewa maso gabashin Amurka kuwa, a ƙarni na 19, ba a kwashe dusar ƙanƙara daga kan hanya. Dawaki ke jan wani ƙaton gangan katako a daddanne ta ta yi sumul, har gada mai rufi ana ɗibar ƙanƙarar a shimfiɗa mata don kada keken sulɓi ya maƙale. Zuwan mota ne ya mai da ƙanƙara abokiyar gaba.

Da Faransawa suka ci Damagaram a 1899, hanya ce ta fara hana su barci. Yarjejeniyar da suka yi da Ingilishi a 1898 ta zagaye Sakkwato da wata da'ira mai nisan mil 100, ta bar wa Faransa arewa, inda ayarin soja mai zuwa Zinder daga kogin Kwara zai yi kwana da kwanaki ba rijiyar kirki. Suka dinga kai kuka har aka sake zama a 1904 da 1906, sannan wakilan ɓangarorin biyu, Tilho da O'Shee, suka bi ƙasa suna kafa alamu tsakanin 1906 da 1908. Ke nan neman hanyar da ke da ruwan sha da rani yana cikin dalilan da suka sa iyakar da ta raba mu da 'yan uwanmu na Daura ta zauna yadda take.

Hanyoyin mota na farko kuma da hannu aka yi su, da aikin tilas. Da an gama girbi kumandan ya aika wa sarki, sarki ya aika wa masu gari, kowane gida ya fid da namiji. A sare itace, a tone kututture, a ɗauko marmara cikin kwando a ka, inda rairayi ya yi yawa a shimfiɗa kara da ciyawa a rufe da ƙasa. Damina ta zo ta wanke, kaka ta yi a sake. Kakana ya yi wannan aiki, kuma har ya rasu ban taɓa jin ya ambace shi da fara'a ba. Sai ranar 11 ga Afrilun 1946 aka soke aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulka, da dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Masu yaba kyan hanyoyin zamanin Nasara su riƙa tunawa da wanda ya ɗauki ƙasar a kansa.

Gyaɗa ce ta kawo mana kamiyo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga 1912 cinikin gyaɗa ya buɗe a can, ba a daɗe ba ya tsallako ya kama ƙasar Magarya da tamu. Da fari raƙuma da jakuna ke kai ta, daga baya motoci suka karɓa, suna bi ta Ɗan Barto da Kongwalam da Daura. Da buhuna suka yi wa jirgin Kano yawa, Faransawa suka buɗe wata hanyar a 1953, wadda suka kira Operasiyon Hirondelle: kamiyo ya kai gyaɗa har Paraku, jirgi ya ƙarasa da ita Kwatano. A 1954 aka kafa injin matsar mai a nan Matameye, a 1962 gwamnati ta kafa kamfanin SONARA ya riƙe cinikin. A shekarun 1960 gyaɗa ce ke kawo fiye da rabin kuɗin abin da Nijar ke sayarwa waje. Duk wannan dukiya kuwa a cikin watannin rani take tafiya. Sikeli ya buɗe bayan kaka, kuma dole buhun ƙarshe ya bar ƙauye kafin ruwan Yuni. Direba ya yi rabin shekara yana gudu dare da rana, da damina ta sauka a jingine mota a gindin itace, a sauke inji, shi kuma ya ɗauki hauya. Wani abin da matasan direbobi ba su sani ba: har zuwa 2 ga Afrilun 1972 a hannun hagu ake tuƙi a Najeriya, saboda haka mahaifina da abokansa sai sun sauya hannu duk lokacin da suka tsallaka iyaka, da lodi, wani lokaci da gyangyaɗi a ido.

Abin da na fi so a tuna daga wancan zamani shi ne shingen ruwa. A bakin gari, inda hanyar burji ta fara, akwai doguwar sanda da ake gittawa, da mai gadi a 'yar bukkarsa. Da ruwa ya sauko ya sauke sandar, babbar mota ba ta wucewa sai an ɗauke ruwan, ƙasa ta tsane. Direbobi su jeru, masu abinci su kawo tuwo da ƙosai, a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota, a yi ta tsine wa mai gadi a ɓoye. Amma kowa ya san dalili. Jar ƙasa in ta bushe tana ɗaukar lodi, in ta sha ruwa kuwa kamiyo ɗaya ya isa ya yanka mata kwari biyu, ruwan gaba ya bi kwarin ya zurfafa shi, kafin ƙarshen marka babu hanya. Jiran rabin yini shi ke tsirar da hanyar shekara.

Wannan shinge yana da ɗan'uwa a ƙasar Faransa kanta. A can in sanyi ya yi tsanani ruwan da ke ƙarƙashin kwalta yakan daskare ya kumbura. Ranar da ɗumi ya dawo sama ke fara narkewa, ƙasa tana nan daskare, ruwan ya rasa inda zai tsiyaye, gindin hanya ya yi laushi. A wannan lokaci hukuma kan hana manyan motoci bin ƙananan hanyoyi, ko ta rage musu lodi, sai ƙasa ta koma daidai. A lardin Kebek na Kanada kowace shekara ana shelar ranakun narkewa, a rage nauyin da aka yarda kamiyo ya ɗauka. Su har gobe suna yi. Mu kuwa a wurare da dama sandar ta ruɓe, bukkar ta faɗi, inda ta rage kuma sau da yawa 'yar takardar kuɗi ke ɗaga ta.

A wajen shinge sauran aikin na direba ne da yaronsa. In an iso ƙorama tana gudu ba a shiga sai yaron mota ya tuɓe riga, ya ɗauki sanda ya ratsa da ƙafa, yana taɓa ƙasa yana neman inda ruwa ya zaizaye. Daga tsakiya zai ɗaga murya: "Maigida, ya kai cinya, amma ƙasan da ƙarfi, ka riƙe hannun dama!" Direban kirki ba ya jayayya da yaronsa a wannan wuri, ko da jiya ya mare shi a kan waigi. In ruwan ja ne yana ɗauke da kara da kashin shanu, alama ce sabon zuwa ne, yana kan ƙaruwa, sai a kafa tsinke a bakin ruwa a zauna ana dubawa. In an shiga, giya ɗaya ake riƙewa har a fita, ba a sauyawa a tsakiya, ba a sakin totur don kada ruwa ya shiga ta salansa. Bayan an haye a yi ta taka birki a hankali har ya bushe. Wanda ya kafe a taɓo kuwa ya san sauran: jak, felu, rassan itace, tsohuwar zana, da samarin ƙauyen da ke kusa, waɗanda ba a taɓa rasa su ba, kuma ba a taɓa samunsu kyauta ba.

Rairayi nasa karatun daban. Ana rage iskar taya don ta baje, ana tashi da asuba tun raɓa da sanyi na riƙe da ƙasa, domin rairayin azahar ya fi kowane laushi. Ba a tsayawa a hawa, ba a murɗa sitiyari da ƙarfi, in taya ta fara juyawa a wuri ɗaya a ɗaga ƙafa nan take, don kowane juyi rami yake haƙawa. Masu zuwa Tanut da Agadas ba sa rabuwa da faranta biyu na ƙarfe masu huji, a tura su ƙarƙashin taya, mota ta hau, yara su ciro su gudu da su gaba. Wani ɗan ƙanena da ya yi karatu a Rasha ya ba ni labarin abin da ake koya wa mai tuƙi a kan dusar ƙanƙara: ka tashi da giya ta biyu, kada ka bari taya ta yi ta juyawa, kada ka danne birki gaba ɗaya, ka bar tazara, ka ajiye felu da bargo a bayan mota. Na ce masa ai kakansa da bai taɓa shiga aji ba duk ya san wannan.

Sai kwalta ta zo. Bayan samun 'yancin kai a 1960 aka fara shimfiɗa ta kaɗan-kaɗan, har babbar hanyar da ta haɗa Yamai da gabashin ƙasa ta samu, wadda tamu ke tararwa a Takeita. Ɓangaren da ya tashi daga Gure zuwa Ngigmi, inda tudun rairayi ke tafiya da ƙafarsa, Kanada ce ta ba da kuɗin yinsa a shekarun 1970. A daidai wannan lokaci gyaɗa ta durƙushe: farin 1968 zuwa 1974 ya kassara ta, cutar da ta auka mata a 1975 ta ƙarasa. Kamiyo ya koma ɗaukar wake da rake da dabbobi da kayan Kano, kaya marasa lokaci ɗaya. Ba na cikin masu kukan zamanin da. Na ga macen da naƙuda ta gardame mata cikin marka aka ɗauke ta daga nan aka kai asibitin Zinder, kilomita 80 da 'yan kai, ta tsira ita da ɗanta. A zamanin kakana sai dai a kira masu wanka. Amma kwalta ta koya mana wani abu maras kyau. Da yake launinta ɗaya ne rani da damina, sai muka ɗauka halinta ma ɗaya ne, muka daina duban sama kafin mu tayar da mota.

Ga shi kuwa mu ma muna da namu tuƙin hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci har Maris, iskar arewa maso gabas na matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi a ƙasar Cadi, ta faɗa kwarin Bodele, busasshen gindin tsohon babban tafki, ta kwashi farar ƙura mai laushi. Masana sun ce babu wuri ɗaya a duniya da ya kai shi tayar da ƙura, har wani ɓangarenta na tsallaka teku zuwa Kudancin Amurka. Kwana ɗaya ko biyu bayan ta tashi sai mu wayi gari rana ta zama farin faifai, gawon da ke bayan gida ya ɓace. Jiragen sama su fasa sauka a Zinder da Kano. Motar haya kuwa ba ta fasa komai, ba ta ma rage gudu.

Ka duba abin da ke kan hanya a waɗannan watanni. Lokacin ne amalanken shanu ke fitowa daga fadama da rake tun kafin asuba, ba fitila ba alama. Lokacin ne ake kwasar kara, dabbobi na tsallakawa daga gona zuwa gona, kuɗin kaka na hannu, ana bukukuwan aure, 'yan ci-rani na cika mota har bisa. Ɗan kabu-kabu ya naɗe fuska da rawani saboda ɗari, ido ɗaya kawai ya bari. Kamiyon da ya lalace yana tsaye a rabin kwalta, alamarsa 'yan ganyayen da yaro ya jera, waɗanda iska ta riga ta kwashe. Watannin da ido ya fi gajarta su ne watannin da hanya ta fi cika. Holoƙon farkon damina ya fi hazo duhu, amma shi yana ba da tsoro, kowa ya gangara gefe ya jira ya wuce. Hazo ba ya tsorata kowa, shi ya sa ya fi ɓarna.

A nan ne nake ganin mutanen ƙanƙara sun fi mu, kuma ba a kuɗi kaɗai ba. Kowace ƙasa da tata hanya. A garin Nokia na Finlan aka fara yin tayar hunturu a 1934, domin manyan motoci. Finlan ta wajabta kunna fitila da rana a hanyoyin karkara cikin hunturu a 1972, Suwidin ta mai da shi na duk shekara a 1977. Har yau da sanyi ya shigo Finlan na sauke iyakar gudu, inda ake 120 a koma 100, hanyoyi da yawa na 100 su koma 80. A Suwidin ba ka samun lasin sai an kai ka filin santsi ka ji yadda mota ke ƙwace wa mai ita. Kebek ta wajabta tayar hunturu a 2008, yanzu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Jamus ba ta yanka rana ba, cewa ta yi duk ranar da hanya ke da ƙanƙara kada a gan ka da tayar rani. Faransa tun 2021 ta ce a yankunan duwatsu, daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, ko tayar hunturu ko sarƙa a cikin mota. Japan kuwa ta gwada taya mai ƙusoshi, ƙusoshin suka dinga kankare kwalta har birnin Sendai ya yi nasa hazon na ƙirar hannu, dole aka yi doka a 1990 aka hana su. Inda ba a saba ba kuma arziki ba ya hana kunya: a Janairun 2014 dusar da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba ta tsayar da birnin Atlanta cak, mutane suka kwana cikin motoci, yara suka kwana a makarantu.

Amurka da Kanada sun fi dogara ga gishiri. Jihar New Hampshire ce ta fara mai da shi ƙa'ida a hunturun 1941 zuwa 1942, yanzu Amurka na watsa fiye da tan miliyan 15 a kan hanyoyinta kowace shekara, saboda ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri. Nakan yi tunanin abin da madugun Bilma zai ce in ya ga ana zubar da gishiri a ƙasa mota na takawa. Su ma suna biyan kuɗin abin: yana cinye ƙarfen mota da na gada, yana gangarawa cikin rijiyoyi da tafkuna. In sanyi ya wuce misali kuma ƙarfinsa ya ragu, sai su koma watsa rairayi don taya ta sami abin kamawa, rairayin nan da mu muke biyan lebura ya kwashe mana daga kan kwalta.

A Norwe da Suwidin, kafin ƙanƙara ta sauko ake bin hanya ana kafa dogayen sanduna masu ƙyalli a gefe da gefe, don in komai ya zama fari mai tuƙi ya san inda hanya ta ƙare. Sahara ma ta san darajar alama. Ayarin motocin kamfanin Berliet da ya ratsa Tenere a 1959 da 1960 ya bar turakun ƙarfe da matafiya suka daɗe suna bi. Itacen nan guda ɗaya na Tenere ya yi zamani yana nuna wa ayari rijiya, har wata mota ta buge shi a 1973, aka kai gangar jikinsa gidan tarihi na Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Abin da barin hanya mai alama ke jawowa kuwa mu mutanen Matameye da ƙasar Kance ba ma bukatar a ba mu labari. A ƙarshen Oktoban 2013 aka tsinci gawa 92 arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Motoci biyu ne suka lalace da su, ƙishirwa ta gama da su, kuma mafi yawansu daga garuruwanmu suka fito. Ƙasa ta yi makokin kwana uku. Akwai gidajen da har yau ba a ambaton watan a cikinsu.

Akwai abu ɗaya da manomanmu suka yi wa hanya ba tare da an sa su ba. Tun tsakiyar shekarun 1980 mutanen Matameye da Magarya da Mirya suka koma barin 'ya'yan gawo da sauran itatuwa su tashi a gona maimakon sassabe su, har masu bincike ke lissafa kusan hekta miliyan 5 da suka farfaɗo a faɗin Nijar. Don amfanin gona aka yi, amma duk direban da ya san hanyar nan a shekarun fari zai gaya maka yadda rairayi ke hawowa kan kwalta a da, da yadda ya ragu inda itatuwa suka yi yawa. A jihar Minnesota ta Amurka hukumar hanya biyan manoma take yi su bar layukan masara a tsaye a bakin titi, don su tare dusar da iska ke korowa. Namu manoman ba wanda ya ba su ko dala.

Damina kuwa ba ta yi sauƙi ba don mun sami kwalta. Ruwan da muke samu a nan, milimita 500 zuwa 600 a shekara ta gari, yanzu yakan zubo da yawa cikin 'yan kwanaki. A 2024 ambaliya ta kashe mutum fiye da 300 a Nijar, a watan Agusta ruwa ya yanke hanyoyin shiga Yamai har kaya suka kasa isa babban birni, a farkon Satumba tsohon masallacin Birni na Zinder, ginin tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe. Kwalta ba ta mutuwa daga sama. Magudanar da rairayi da leda suka toshe tun rani ita ke tara ruwa a gefe, ruwan ya ci gindin hanya, wata safiya a tarar da rami inda jiya aka wuce.

Ba injin kwasar ƙanƙara muke bukata ba, kuma yawancin abin da ya kamata ba sai an jira Yamai ba. Shugabannin direbobi a tasha suna iya yanke cewa daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu motar da ba ta kunna fitila da rana ba, ko wadda fitilun bayanta suka mutu, ba ta yin lodi, kuma ranar da hazo ya rufe gari a rage gudu ko da fasinja zai yi ƙorafi. Hukumomin garuruwan Kance da Dungu da Yawuri da Kurni da sauransu su sa a yashe magudanu a watan Mayu, a kafa turaku masu zanen ja da fari a kowace mashigar ƙorama don a riƙa ganin zurfin ruwa, a kuma mayar da shingen ruwa a hanyoyin burji, da mai gadin da ake biya albashin da zai hana shi miƙa hannu. Kai kuma mai amalanke, kafin raken bana ya nuna ka samo abu mai ƙyalli, ko da tsohon faifan CD ne, ka buga shi a bayan amalankenka hagu da dama.